Maigidana da Gaggawar Mulkin Allah

Lokacin da na aure shi, maigidana ba mai gaggawa ba ne. Bakaniken injin niƙa ne a Gummi, yana da 'yar rumfa kusa da masu sayar da albasa, in ba aiki kuwa za ka same shi a gindin dalbejiya yana dara da direbobi. Ranar Lahadi yakan je sujada a coci, ya zauna a bencin baya inda iska ke shigowa, ya yi gyangyaɗinsa cikin ladabi. Iyayenmu duka daga ƙasar Zuru suka zo, amma mu a Gummi muka tashi, Hausa muke yi a gida da coci da kasuwa. Da mata suka tambaye ni abin da na gani a wurinsa, cewa na yi mutum ne da ba ya tayar wa kowa da hankali.

Motar albasa ce ta sauya shi. Yana dawowa daga gyara a wani ƙauye, babbar mota ta kwashe shi da babur ɗinsa ta watsa cikin rami. Babur ya tashi daga aiki, shi kuwa ya fito da karyayyen haƙori da ƙujewa a gwiwa. Waɗanda abin ya faru a gabansu suka ce ya auna arziki. Shi ya ce ba haka ba ne. Allah ne ya kira shi, ya dubi hannunsa ya ga ba ya riƙe da komai, ya ce ya koma ya samo.

Daga ranar ya bar dara. Ya tashi daga bencin baya ya koma na gaba, har amin ɗinsa kan riga ƙarshen addu'ar fasto fita. Magana ɗaya ta kama bakinsa: lokaci ya ƙure. Yakan ce Mulkin Allah kamar motar ƙarshe ce ta ranar kasuwa, wanda ya tsaya gyara ɗaurin kayansa a tasha zai kwana. Da sauri yake tafiya, da sauri yake wanka, gaisuwa ma ya rage mata tsawo, abin da surukaina ba su ji daɗinsa ba. Wuri ɗaya ne ba ya sauri, wato addu'ar abinci. Sai ya bi ƙasashen duniya ɗaya bayan ɗaya yana roƙa musu tuba, kafin ya iso kan tuwon da ke gabansa miya ta yi sanyi.

Ba na so a ɗauka wasa yake yi, ko neman suna. Na ga ya cire takalminsa ya ba wani mahaukaci a bakin tasha ya dawo gida ƙafa ba komai. Na ga yana kuka saboda mutanen da bai taɓa gani ba. Ni ma Kirista ce, ni ma ina sauraron zuwan Ubangiji, sai dai ni ina sauraronsa ne da tukunya a kan wuta.

Muna da 'yar yarinya da ta fara tafiya lokacin da maganar zinari ta cika ƙasar Anka da Bukkuyum. Injinan da aka saba niƙa dawa da gero da su aka mayar na niƙa dutse, dutse kuwa cin inji yake yi, saboda haka bakanike ya zama abin nema. Abokan aikinsa suka tafi don kuɗi. Shi ya ce mini gona ce ta nuna ba masu girbi: maza daga Katsina, daga Nijar, daga ko'ina, sun taru a daji suna neman abin da zai ƙare, ba wanda ya gaya musu labarin abin da ba ya ƙarewa. Muka ɗaure kaya muka koma Anka.

Ɗakuna biyu muka kama a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Kowa a unguwar Inna yake kiranta, mu ma muka bi. Da ta ji mu Kirista ne, sharaɗi ɗaya ta kafa, kada a dafa mata giya a cikin gida. Ba mu gama kwance kaya ba maigidana ya jawo kujera ya zauna gabanta tana matsar tunkuza. Ya yi mata bayani tun daga halittar mutum a gonar farko har zuwa giciye. Ta saurara, hannunta bai tsaya ba. Da ya kai ƙarshe ta ce, "Annabi Isa ai mun san shi, ɗana. Miƙo min wancan kwano."

Ya shigo ɗaki fuskarsa na haske, ya ce mini ƙofa ta fara buɗewa.

Rufin ɗakinmu yana yoyo. Na yi magana har na gaji, ya ce ba zai ɓata yini guda a kan kwanon rufi ba alhali Ubangiji yana bakin ƙofa. Inna ta ji mu daga tsakar gida, ta ce, "To in bai iso ba kahin damina hwa?" Ya ce zai iso a lokacinsa. Ta aiko mini da tsohuwar roba in riƙa tarawa.

Cocinmu a Anka ƙarami ne, can bakin gari, yawancin masu zuwa 'yan sanda ne da malaman makaranta da masu shagon magani. Faston dattijo ne da ya daɗe a garin, ya san inda ake taka ƙafa da inda ba a takawa. Ya kira maigidana gefe ya ce, "Ɗana, himmarka tana da kyau, amma a garin mutane muke. Ka bar halinka ya riƙa yin wa'azin, bakinka ya biyo baya." Maigidana ya ce ya ji. Da muka dawo gida ya saka faston a cikin addu'ar abinci, tsakanin ƙasar Sin da ƙasar Masar, yana roƙon Allah ya hura masa wuta.

Ya samo dabarar da ba ta karya maganar fasto ba, a ganinsa. Ba ya tsayawa a kasuwa, ba ya ɗaga murya. Idan aka kira shi gyara a Tungar Daji ko Yargalma, sai ya kwance injin gaba ɗaya, ya shimfiɗa ƙarafan a kan buhu, sa'an nan ya fara magana. Mai inji ba shi da inda za shi, dukiyarsa na warwatse a ƙasa, masu dutse sun yi layi suna jira. Haka za su ji labarin ceto daga farko har ƙarshe. Sun haƙura da shi domin hannunsa yana da kyau, injin da ya taɓa yakan daɗe bai tsaya ba. Suka sa masa suna Mai Bishara. Wani lokaci sukan ce, "Mai Bishara, mun tuba, ɗaura bel ɗin."

A Tungar Daji ya gamu da daidai shi. Wani mai inji ne, mutumin Katsina, mai karatu, wanda shi ma ya tabbata tashin duniya ya kusa, ya kuma ga asara ce mutum mai gaskiya irin maigidana ya mutu ba salla. Da zarar an buɗe inji sai su fara. Wannan ya kawo nasa, wancan ya kawo nasa, su raba fura a kwano ɗaya, su ci gaba. Maigidana yakan dawo ya ce mini, "Uwargida, malamin nan saura ƙiris." Wata rana malamin ya shigo Anka sayen bel, ya biyo ya gaishe mu. Maigidana ya shiga ɗaki ɗauko masa ruwa, sai malamin ya rage murya ya ce mini in fara sabawa da lulluɓi, domin mijina saura ƙiris.

Sau ɗaya aka sami wanda ya durƙusa ya karɓi Yesu a wurin niƙa. Magidanci ne, direban motar ɗaukar dutse da aikinsa ya tsaya. Maigidana ya ɗauko shi a babur har gida, ya sa na yanka kazar da nake ajiya don Kirsimeti. Bayan an ci an ƙoshi ya ce bari ya koya wa sabon ɗan'uwa waƙar yabo mai sauƙi. Bai gama baitin farko ba baƙon ya karɓe, ya ja ta har ƙarshe da murya mai daɗi, har da baitin da mu ma mun manta. Ashe ɗan ƙungiyar mawaƙa ne a garinsu, an yi masa baftisma tun yana saurayi. Ya ce ya ga yadda Mai Bishara ke ta fama ba wanda ya amsa, sai tausayi ya kama shi. Maigidana ya ce komowar ɓatacce ma abin murna ne a sama. Ni kuwa na kwashe ƙasusuwan kazata.

Akwai abin da yake alfahari da shi ƙwarai. A lokacin kusan kowa ya taɓa harkar zinari, har mata a cikin gidaje suna daka dutse a turmi. Sau da yawa akan ba shi buhun dutse a madadin ladan gyara, yana ƙi. Yakan ce ko ƙwayar zinari ba za ta tsallaka ƙofar gidansa ba. Kuma ba ta tsallaka ba. Abin da ke tsallakawa kullum yamma ƙura ce, wata fara-fara mai laushi kamar garin tuwo, a rigarsa da gashinsa da girarsa. Yarinyar na jin ƙarar babur za ta fito da gudu, ya ɗaga ta sama, ya rungume ta yana mata waƙa, ta sa fuska a wuyansa. In na ce ya fara yin wanka, sai ya ce an kusa fara addu'ar yamma a coci, in ya dawo ya yi. Ƙarafan da bai gama gyarawa ba yakan kawo su gida, ya kakkaɓe a gindin bango inda yarinyar ke wasa da gwangwani. Ni ma a nan nake kakkaɓe rigunansa kafin in jiƙa. Ba wanda ya san komai a cikinmu.

Sai aka fara jin yara suna mutuwa a ƙauyuka. Yaro zai yi amai, ya sanƙare, ya yi ta jijjiga, kafin a yi wani abu ya tafi. Wasu suka ce zazzaɓi ne mai tsanani, wasu suka ce iskokin da ke gadin zinari ne aka taɓa. Maigidana ya ce alama ce ta ƙarshen zamani, ya ƙara yawan zuwa ƙauyukan. Ɗan malamin nan abokinsa yana cikin waɗanda suka rasu. Ya je ta'aziyya, ya dawo jikinsa a sanyaye. Ya ce mini ya zauna kusa da malamin tun hantsi har la'asar, jama'a cike da ƙofar gida, amma bakinsa ya ƙi buɗewa. Yana ta tambayar kansa ko tsoro ne ya hana shi magana. Na ce wataƙila hankali ne. Bai ji daɗin amsar ba.

Ba a daɗe ba tamu ta fara. Ta daina cin abinci, ta daina gudu zuwa ƙofa, 'yan kalmomin da ta iya suka ɓace. Ran nan da safe ina mata wanka ta sanƙare a hannuna, idanunta suka juye. Da ta dawo hayyacinta na ce mu tafi asibiti. Maigidana ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ya daɗe yana taɓa mulkin duhu a wuraren haƙa, dole Shaiɗan ya rama, kuma ya biyo ta inda ya fi zafi. Ya ɗauki azumi, ya kira wasu 'yan'uwa masu irin zafinsa, suka kewaye tabarmar da take kwance suna tsawata wa maƙiyi. Ina durƙushe tare da su. Ina so in gaskata shi, domin idan maganarsa gaskiya ce to akwai abin da za mu iya yi da bakinmu.

Suna cikin haka Inna ta ɗaga labule ta shigo ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ratsa tsakanin mazan, ta sunkuya ta ɗauki yarinyar, ta dube ni.

"Ɗauko zane ki goya ta, ɗiyata. Mi kike jira?"

Maigidana ya ce, "Inna, addu'a muke yi."

"Ku ci gaba," in ji ta. "Allah na ji har asibiti."

Na goya ta. Ban dubi fuskar maigidana ba, shi ma bai hana ni ba. Muna fita na ji sun ci gaba, amma muryarsa ba ta cikin masu ƙarfi.

A lokacin an riga an gano abin da ke kashe yaran, mu ne labarin bai iso mana da kyau ba. Gubar dalma ce da ke cikin dutsen zinarin, in aka niƙa ta bi ƙura ta shiga jikin yara. An ware wani ɓangare a asibitin Anka don haka, likitoci har da baƙi daga waje. Aka ɗebi jinin yarinyar, aka ba mu gado. Matan da ke kewaye da ni duk daga ƙauyuka suke, wasu sun riga sun binne yara kafin su kawo wanda ya rage. Wadda ke gadon kusa da ni ta miƙo mini fura ba tare da ta tambayi ko ni wace ce ba.

Da sakamako ya fito, ma'aikaciyar jinya ta zo ta zauna a bakin gadon. Ta ce, "Kuna daka dutse a gida?"

Na ce a'a, har da ɗan ɗaga kai. Na gaya mata maigidana bai yarda zinari ya shigo mana gida ba.

"Wane aiki yake yi?"

Na faɗa mata.

"In ya dawo, a ina yake tuɓe kayan aikin?"

Na tuna gindin bangon nan inda yarinyar ke wasa. Ta ga amsar a fuskata, ba ta ƙara tambaya ba.

Ya zo da rana, leɓunansa sun bushe don azumi, sanye da rigar da ya je aiki da ita jiya. Ya nufi gadon zai ɗauki yarinyar, ma'aikaciyar ta tare shi, ta yi masa bayani a hankali ba faɗa. Yana sauraro yana gyaɗa kai kamar yadda masu inji ke yi masa. Da ta gama ya dubi hannun rigarsa, ya goga yatsa a kai, ya dubi yatsan. Ya ja da baya har ya kai bakin ƙofa. Yarinyar ta gan shi ta miƙo hannu, bai matso ba. Ta taga na hango shi zaune a ƙasa a gindin wata bishiya, hannuwansa a kan gwiwa, ba addu'a yake yi ba, ba komai ba. Tun da motar albasa ta buge shi ban taɓa ganin ya zauna haka kawai ba.

Mun daɗe a asibitin ana ba ta magani. Kullum yakan zo, ya yi wanka ya sa rigar Lahadi, ya zauna ya riƙe ƙafarta. Wata rana ya ce mini, "Na ce maƙiyi ne ya shigo gidan." Na jira ya ƙarasa, bai ƙarasa ba.

Kafin a sallame mu aka je aka auna ƙasar gidan Inna da wata na'ura. Gindin bangon nan ne ya fi ko'ina. Ma'aikata suka zo da shebur suka kankare tsakar gidan kaf, suka kwashe a buhuna, aka zuba sabuwar ƙasa. Ramar Inna da kuɓewarta da ta shuka a bayan madafa duk suka tafi. Maigidana ya je ya durƙusa a gabanta yana ba da haƙuri. Ta ce, "Tashi, ɗana. Kai da ke son ka kai mu sama, ka ga ƙasa ma sai da anka canza muna." Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma ce mu tashi ba.

Na ɗauka wutar himmarsa ta mutu ke nan, har na fara jin tausayinta. Ashe wuri ta sauya. Ranar da ya koma aiki ya ɗaure bokiti da sabulu da rigar canji a bayan babur. Ya kafa doka cewa duk injin da ke cikin gida ko kusa da inda yara ke wasa ba zai taɓa shi ba sai an fitar da shi bayan gari. Dabararsa ta dā ya ci gaba da ita: ya kwance inji, ya baza ƙarafa, ya fara. Murya ita ce, rantsuwar cewa lokaci ya ƙure ita ce, hawayen ma su ne. Abin da ya canza kawai, yanzu cewa yake su fitar da turmi daga tsakar gida, su yi wanka a daji, kada wanda ya ɗauki ɗansa da rigar aiki. Yakan ce musu, "Ni ne na kai wa tawa da hannuna, ina mata waƙa." Mutanen da dā ke cewa ya ɗaura bel suka riƙa yin tsit.

Malamin nan na Tungar Daji ya zama na hannun damansa. Shi ne ya fara fitar da injinsa, shi ne kuma ya je ya gaya wa mai gari cewa a tara mutane Mai Bishara ya yi musu magana. Aka sa rana, bayan sallar la'asar, a ƙofar gidan mai gari. Sharaɗi ɗaya malamin ya kawo masa, yana dariya: maganar dalma kaɗai, kada ya zarce.

Ku dubi wannan al'amari. Shekaru mutumin nan yana azumi yana roƙon Allah ya ba shi taron jama'a a ƙauyukan haƙa. Ga taro ya samu, maza cike da fili, mata na ji ta bayan danga, liman a zaune a gaba, an kuma ce ya yi magana a kan sabulu. Kwana ya yi yana juyi kafin ranar. Da ya dawo na tambaye shi ko ya cika alkawari. Ya ce ya cika, sai dai a ƙarshe ya kasa daurewa, ya ce musu Allah yana ƙaunar 'ya'yansu.

"Suka ce me?"

"Suka ce sun sani."

Wasu a coci ba su ji daɗi ba. 'Yan'uwan da suka yi addu'a a ɗakinmu suka ce ya ja da baya, ya bar ceton rai ya koma ceton jiki. Wani ma ya tambaye shi ko yanzu ma'aikacin lafiya ne. Faston da dā yake ja masa birki shi ne ya tsaya masa, ya ce a bar shi. Maigidana ya cire shi daga cikin masu bukatar wuta, amma addu'ar abincin ba ta ragu ba, domin ya shigar da ƙauyukan Anka da Bukkuyum da sunayensu.

Yarinyar ta rayu. Maganarta ta dawo a hankali, ta fi ta tsaranta jinkiri, kuma karatu yana yi mata wuya har yanzu. Likita ya gaya mana tun farko cewa magani yana fitar da guba amma ba ya mayar da duk abin da ta ɗauka. Uban ne ke zama da ita da allo, harafi ɗaya sai su yi mako a kai.

Daga baya hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, shiga dajin ya zama sayar da rai. Malamin ya kwashe iyalinsa ya koma Katsina, suka rabu kowa na cewa zai ci gaba da yi wa ɗan'uwansa addu'ar shiriya. Mu ma muka yi sallama da Inna muka koma Gummi, ya sake kafa rumfa, ya koma gyaran injinan dawa da gero.

A nan ne wata ranar kasuwa wani mutum ya tsaya a bakin rumfar, ya yi ta kallonsa, sa'an nan ya ce, "Ba kai ne Mai Bishara ba?" Na kawo masa abinci ke nan, a gabana aka yi. Mutumin ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce daga Tungar Daji yake, ya daɗe yana neman inda zai gan shi, domin wa'azinsa ne ya ceci gidansa. Tun ranar da ya ji shi rayuwarsa ta canza, ya kuma koya wa ƙannensa, su ma sun bi.

Na ga maigidana ya miƙe a hankali, sifana ta faɗi daga hannunsa. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce, "Ka karɓa ke nan?"

"Na karɓa mana," in ji mutumin. "Har gobe ba na shiga gida sai na yi wanka. Yarana duka suna nan, ko ɗaya ban rasa ba."

Suka yi ta gaisawa. Mutumin ya tilasta masa karɓar ƙullin goro, ya ce zai wuce masallaci kada jam'i ya wuce shi, ya tafi. Maigidana ya zauna, ya buɗe kwanon abinci ya rufe. Can ya ce, "Uwargida, wannan yana cikin abin da aka aike ni in samo kuwa?" Na ce masa ni ban san yadda ake dubawa a can ba, amma yaran suna da rai.

Ranar Lahadi da aka ba da dama ga masu shaida, ya tashi. Ya fara ba da labarin yadda wani ya zo har rumfarsa ya ce wa'azinsa ya ceci gidansa. Ikilisiya ta motsa, mai ganga ya gyara zama, matan zumunta suka fara ɗaga hannu. Na sunkuyar da kai ina jira in ji a inda zai tsaya, domin da ya tsaya a nan ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Bai tsaya ba. Ya faɗi wankan, ya faɗi goron, ya faɗi masallacin. Hannuwan suka sauka ɗaya bayan ɗaya, mai ganga ya ajiye makaɗi. Kowa na duban mai jagorar sujada ya ga ko wannan irin shaidar da ake yi wa tafi ce. Wata tsohuwa a bayana, wadda kunnenta ba ya ji sosai, ta ce amin da ƙarfi, sauran suka bi ta a rarrabe. Maigidana ya gode, ya koma ya zauna, aka kira mai shaida na gaba, wata mata da akuyarta ta ɓata ta dawo.